Baba da Mitar Motar Sista

Shekara arba'in da ɗaya mahaifina ya yi yana gyaran agogo a ƙarƙashin matakalar wani bene, a ɗan lungun da in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo titi. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, da gilashin nan da yake maƙalawa a ido. Mutanen layin suna kiransa Daƙiƙa, don in ya ce maka ƙarfe huɗu, to huɗu da minti ɗaya ka makara, kuma sai ka sha faɗa. Daga wannan lungun ya ciyar da mu shida, ya kai mu makaranta. Ni ce ta uku. Bakinsa na gado, haƙurinsa kuwa ya tsallake ni.

Bara ya yi jinya, ya tashi da rawar hannun dama. Mu 'ya'yansa muka haɗu muka yanke cewa ya rufe shago, aka wakilta ni in faɗa masa tunda an san ba na tauna magana. Na same shi yana fama da wani ɗan mitsitsin ƙarfe, sau uku yana suɓuce wa hantsakinsa.

Na ce, "Baba, ya isa haka. Kowa a waya yake duba lokaci yanzu, ga kuma hannun nan."

Bai ɗago ba ya ce, "Uwata, so kuke a ce Daƙiƙa ya bar aiki don ya kasa?"

Nan na gane ba rabuwa da shagon ke cinsa ba, abin da za a ce ya fitar da shi ne.

Muna cikin haka sai ga Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda rabin layin a hannunta aka haife su. Motarta ta girme ni, koriya ce mai zagayayyun fitilu, kuma har yau ita ke tuƙa abarta. Ta kwance tawul a kan tebur, sai ga mitar motar, agogon nan mai nuna gudu.

Ta ce, "Malam, allurar ce ta fara rawa tana ƙara. Na kai wa bakanike, ya ce mai take so. Yanzu ko motsi ba ta yi. Masu duba lafiyar mota sun ce ba takarda sai ta yi aiki, irinta kuma an daina yi."

Na buɗe baki zan ce mun rufe, Baba ya watso mini harara, na haɗiye maganata.

Kwana uku ya yi a kanta, ni kuma na tare a shagon wai ina gadin lafiyarsa. Da ya buɗe bayanta sai ya ja tsaki. Ashe bakanike giris ya ɗura wa wayar da ke tasowa daga giya zuwa mita, tun daga ƙasa har sama, yadda suke cika wa ƙafar mota. Wayar kuwa juyawa take yi, sai ta yi ta tura giris ɗin ciki har ya danƙare tsakanin maganaɗisu da ɗan kofin da ke juya allura.

Baba ya ce, "Mutanen nan, a wurinsu komai in ya yi yawa ya yi kyau."

Ya wanke kayan cikin ɗaya bayan ɗaya da fetur da ɗan burushi, ya jera a farar takarda. Ya sa aka zaro wayar, ya wanke ta, ya shafa mata giris sama-sama, ya bar tsawon tafin hannu daga sama a bushe.

Saura mai. Ɗigo ɗaya tak ake so a gindin sandar allura, dab da wani sifirin, ɗan naɗaɗɗen ƙarfe siriri kamar gashi, wanda in mai ya taɓa shi ko ya lanƙwashe, mitar ta zama maƙaryaciya har abada. Ya tsoma bakin allurar ɗinki a kwalbar man agogo, hannun ya ɗauki rawa. Ya ajiye. Na ce ya kawo in yi masa, ya ce in yi masa shiru. Ya daɗe yana kallon hannun. Can sai ya sake tsoma allurar, ya ɗaure ta a ƙarfen matsi na jikin tebur, ɗigon na reto a bakinta. Ya kama mitar da hannu biyu, ya danne gwiwar hannunsa, ya riƙa turo ta a kan tebur a hankali har ta taɓa ɗigon.

Ya sauke numfashi ya ce, "Tunda hannu ya ƙi kai mata, ita ta zo ta karɓa."

Ranar gwaji aka mayar da mitar a mota, muka fita bayan gari, inda ake da turaku a bakin titi kowace kilomita. Sista na tuƙi, Baba a gaba da agogon aljihunsa, ni a baya.

"Sista, riƙe ta a sittin, kada ki ƙara kada ki rage. In gaskiya take faɗa, minti ɗaya ne daga turke zuwa turke."

Allura ta hau sittin ta tsaya cak, ba rawa ba ƙara. Turke ya wuce, na biyu ya taho. Baba ya ce, "Minti ɗaya cif." Ya ce a sake, aka sake. A na biyar Sista ta ce, "Malam, ko sai mun fita ƙasar za ka yarda?" Ya yi dariyar da na yi shekara ban ji ba. Wallahi ji na yi kamar in leƙa taga in gaya wa kowa ubana ne wannan.

Da muka dawo ya goge kayan aikinsa, ya jera su a akwati, ya kashe fitila. Ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya miƙo mini makulli.

"Ki gaya wa 'yan'uwanki na rufe. Ki kuma gaya musu aikin da na rufe da shi."

Ni da aka aiko in raba shi da shagon, hannuna ya ƙi miƙuwa. Sai da ya kamo shi ya danƙa mini.