Yammacin da Muka Kashe Injinan Ban Ruwa

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi aiki a filin jirgin sama na Kano tun yana saurayi, lokacin Turawa ba su gama tafiya ba. Shi ba bakanike ba ne. Aikinsa goge baƙin mai da juya farfela da hannu kafin a tayar da jirgi. Da tsufa ya kama shi sai ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, ya zauna a gidana. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna, ba ya kira na da komai sai ɗan makaranta.

In muna gona yakan zauna a bakin hanyar ruwa, ya ɗauki tsinke ya zana mini injin jirgi a kan laka. Da'ira a tsakiya, kawuna tara sun kewaye ta, kamar mutane sun zauna cin tuwo a kwano ɗaya. Kowane kai da fistin a cikinsa, wato ƙarfen da ke kai da komo, duk suna miƙa hannu ga ƙarfe guda. Ya ce a Ingila ake ƙera shi, kuma ba ya shan ruwa kamar injin mota. Iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa aka yi wa kawunan tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. Na farkon ƙanana ne, in ji shi. Da jirage suka ƙara girma aka so ƙarin ƙarfi, sai aka jera wasu kawunan a bayan na gaba, sahu biyu kamar a masallaci.

Ya ce in jirgi ya kwana, mai yakan tsiyaya ya taru a kawunan ƙasa, in kuwa aka tayar da shi a haka ƙarfe sai ya lanƙwashe. Don haka ne suke juya farfela a hankali, suna sauraron cikin injin da tafin hannunsu. Sa'an nan a tayar. Ya yi tari, ya sake tari, ya fesar da farin hayaƙi, sai kawunan su kama ɗaya bayan ɗaya, kamar mata sun shiga lugude.

Ni ban taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. Amma sau da yawa in na tsaya cikin shinkafa da hantsi, sararin sama yana kwance cikin ruwan da ke ƙafafuna, sai in ga kamar wannan zagayen ƙarfe yana juyawa can ƙasa, tsakanin gajimare da kwaɗi, ba sauti.

A hankali kunnen Kawu ya yi nauyi. Rashin jin maganar mutane bai dame shi ba, ya ce ya ji wadda ta ishe shi. Abin da ya dame shi, ƙarar injin da ya daɗe yana ajiye da ita a ransa ta fara koɗewa kamar tsohon zane. Yakan rufe ido ya neme ta, ya samu tarin farko, sauran kuwa ya ɓace. Ya ce yana so ya sake jin ta ko sau ɗaya, kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya.

A shekarar ne tsuntsayen jan-baki suka sauko mana, daidai lokacin da shinkafa ta fitar da kai. Muka yi ta kaɗa gwangwani har muryoyi suka dushe. Sai malamin gona ya zo da labari cewa jirgi zai zo da almuru ya yi feshin magani a kacala, doguwar ciyawar fadama inda tsuntsayen ke kwana. Mai unguwa ya sa aka yi shela: ranar, daga la'asar, kada wanda ya kori tsuntsu, a bar su su taru wuri ɗaya, kuma kowa ya tsaya nesa. Na faɗa wa Kawu da ƙarfi a kunne. Ya ce irin ƙananan jiragen da ke aiki ƙasa-ƙasa su ne suka daɗe da injin mai zagaye. Ya sa matata ta wanke masa babbar rigarsa.

Sai dai gonakinmu su ne a ƙarshen hanyar ruwa. Ruwa ba ya iso mana sai ranar rabonmu, kuma ba ya hawa gona sai da inji. Ranar zuwan jirgin ita ce ranar rabonmu. Na san yadda wurin yake zama: kowa da injinsa yana ruri har duhu, ko aradu aka yi Kawu ba zai ji ba.

Tun da safe na bi maƙwabta ɗaya-ɗaya ina roƙon su kashe injinansu kafin magariba. Bafulatanin da gonarsa ke kusa da tawa ya yarda nan take, ya ce dama shanu na jiran sa. Wani abokin wasana ya ce wato bokon da nake koya ne ya sa ni neman a yi wa jirgi shiru kamar ana huɗuba, amma shi ma ya yarda. Mutum ɗaya ne ya ƙi, kuma da gaskiyarsa, gonarsa babba ce, injinsa ƙarami. Na tsaya ina kallon tawa shinkafar, ƙasarta ta fara tsagewa. Sai na ɗauko injina na haɗa da nasa, don ya gama da wuri. Tawa ba ta sha ba.

Da rana ta yi ƙasa na goyo Kawu a babur, muka zauna kan tudu inda iska ba za ta kawo mana feshin ba. Injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ban san cewa na manta da shirun wurin ba sai a lokacin. Na ji ruwa yana tafiya. Na ji kukan saniya daga can nesa. Tsuntsayen suka taso kamar hayaƙi, suka naɗe, suka warware, suka zuba cikin kacala.

Jirgin ya ɓullo ta wajen Garun Mallam, ƙasa-ƙasa, ja-jan rana a fikafikansa. Ƙararsa siririya ce, kamar fito. Kawu ya rufe ido, ya kara tafin hannu a bayan kunne. Jirgin ya wuce, ya juyo, ya sake wucewa, yana barin farar raɓa a bayansa, har ya miƙe ya ƙanƙance ya ɓace. Kawu bai motsa ba. Can ya buɗe ido.

"Ɗan makaranta, ban ji komai ba. Yaya hancinsa?"

Na matsa kusa da kunnensa. "Dogo ne, Kawu. Kamar bakin zalɓe."

"Ba zagaye ba?"

"Ba zagaye ba."

"Yana ruri ne ko yana fito?"

"Fito yake."

Ya daɗe yana kallon inda jirgin ya bi. Na ɗauka ransa ne ya ɓaci, sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake ƙasa-ƙasa.

"To, ba kunnena ne ya ci amanata ba," in ji shi. "Babu abin jin ne. Injina masu zagaye sun ƙare ke nan, Allah Ya jiƙan maza."

Ya shafa gemu, ya leƙa hanyar ruwa, ya ce ai ruwan bai gama janyewa ba, in na yi sauri shinkafata za ta samu ko na jiƙa maƙoshi. Na gangara na ɗauko injina. Da na waiwayo yana nan zaune kan tudun cikin farar rigarsa, fuskarsa a sake, yana daidaita hannayensa don yin alwala da ruwan da ya rage a gorar da muka zo da ita.