Burtsatsen Kawu

Shekarar da soja suka koma bariki, kawuna, mai sayar da fata a Kasuwar Kurmi, ya fito takarar kansila. Ni ce 'yar gidan da ke karatun kwamfuta a jami'a, don haka ni ce mai buga masa jawabai. Duk na zuba su cikin fayil ɗaya a tsohuwar kwamfutar da ke soronmu na Jakara.

Kullum sai ya aiko: "Tambayi 'yar nan, me na ce wa mutanen unguwa kaza?" Na gaji da lalube. Sai na rubuta ɗan shirin shell, wato jerin umarni ga kwamfuta, layi bakwai kacal. Ka ba shi kalma, ya miƙa wa grep, wato umarnin da ke bincike, ya fito maka da duk layin da kalmar take. Da farko ya ƙi ganin "Burtsatse" saboda babban baƙi, sai da na koya masa kada ya bambanta babba da ƙarami.

Sai shaƙiyanci ya motsa min. Na ƙara layi ɗaya: in bai sami kalmar ba, ya rubuta, "Kawu bai yi wannan alkawarin ba tukuna."

Wata ranar Asabar da hantsi ya shigo da abokansa biyu, zai nuna musu na'urarsa.

"Rubuta jirgin sama," in ji shi.

Na rubuta. Amsar ta fito. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ikon Allah! Ta san ni?"

"Sosai, Kawu."

Ɗaya daga cikin abokan, wani dogon Alhaji mai tsokana, ya ce in rubuta burtsatse. Layuka suka zubo har allon ya cika. Rijiya ɗaya ce Kawu ya yi niyyar haƙawa, amma ya yi wa Jakara alkawarinta, ya yi wa Ƙofar Mazugal, har da wani layin da ba ya cikin mazaɓarsa.

Alhajin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kawu ya dube ni, na duƙar da kai kamar mai neman allura.

"Ke, kashe abin nan, yana cin wuta."

Bai ci zaɓen ba, kuma bai taɓa ɗora min laifi ba. Sai dai ya kai ƙarata wajen mahaifiyata, wai na koya wa inji gulma. Ita kuwa washegari ta kira ni ɗaki, ta ce in bincika mata ko ya ambaci keken ɗinkin da ya ce zai saya mata tun ina goye.