Hutun da Babu Shi a Dokar Kamfani

Shekarata takwas da aure lokacin da likita ta ce mana abin da ya rage shi ne a haɗa ƙwai a asibiti a dasa min. A Agege aka haife ni, nan muke zaune da maigidana. Shi yana sayar da wake da shinkafa a kasuwa, ni kuma ina karɓar baƙi da amsa waya a wani kamfanin robobi a Ikeja.

Dashen farko ya cinye hutuna na shekara gaba ɗaya, kuma bai kama ba.

Da za a yi na biyu, sai na shiga ofishin madam, matar da ke kula da harkar ma'aikata. Ban taɓa faɗa wa kowa ba a wurin aiki, sai ita a ranar. Ta saurare ni har na gama, ta jawo littafin dokokin kamfani tana bi da yatsa.

"Ga hutun haihuwa," in ji ta. "Ga na rashin lafiya, ga na rasuwa. Ke ba ki haihu ba, ba ki kwanta ciwo ba. A ina zan saka ki?"

"Madam, safiya kawai nake roƙo. Zan riƙa shigowa sha ɗaya."

"Zan kai wa oga. Amma kar ki sa rai."

Ba muguwa ba ce, har tishu ta miƙo min. Bayan kwana biyu ta ce oga ya ce idan ya ba ni, gobe kowa zai zo da nasa uzurin.

Asibiti kuwa ba ruwansu da oga. Duk bayan kwana biyu sai an duba mahaifa an ɗibi jini. Ina idar da sallar asuba zan fita neman danfo, wato bas ɗin haya, in bi layi a asibiti, sannan in hau okada da gudu zuwa ofis, duk da haka sai na makara. Maganin allura a fulas ɗin abinci nake kai shi, in cusa a firjin ofis tsakanin kulolin mutane. A banɗaki nake yi wa kaina allurar a ciki, na riƙe bakin rigata da haƙora. Sau biyu aka ba ni takardar gargaɗi.

Ranar dashen, ƙarya na yi, na ce mahaifiyata ce ba lafiya, aka ba ni yini ɗaya. Likita ta ce in samu 'yan kwanaki in huta. Washegari ina cikin danfo, duk ramin da muka faɗa sai in dafe marata ina salati.

A kwana na goma ina kan waya da wani mai sayen bokitai na ji jini. Sai da na gama ba shi amsa, na yi masa godiya, sannan na tashi.

Likita ta rantse min ba danfo ne ya ɓata dashen ba, ta ce ko a gado na wuni hakan tana iya faruwa. Na ce mata to. Har yau zuciyata ba ta karɓa ba.

Ƙwai ɗaya ya rage mana a ajiye a asibitin. Maigidana ya ce, "Ki bar aikin nan mana, Allah zai rufa asiri." Na tambaye shi da me za mu yi na ukun idan na bari. Ya ɗauki buta ya fita.

Bana na cika arba'in. Asibitin sun kira ni sau uku, ina kallon lambar har ta katse. Maigidana ma ya daina tambaya.