Yatsan da Bai Taɓa Bangon Tanderu Ba

Kawu Meharban maƙwabcina ne a birnin Multan. Shekara ashirin da biyu ya yi yana manna gurasa a tanderu, har ciwon ƙirji ya raba shi da sana'ar, ya koma tuƙa tasi. Shekara tara ke nan shi ke kai 'yan matan layinmu makaranta, har da 'yata Rubina.

Bara aka kafa doka: duk direban da ke ɗaukar ɗalibai sai ya kawo takardar 'yan sanda cewa ba shi da tabon laifi. Na yi murna da dokar, Kawu ma ya ce daidai ne. Son gani da ido ya sa na raka shi ofishin.

Ya ɗora babban yatsa a kan na'urar tantance zanen yatsa, ta nuna ja. Ya canza hannu, ja. Ma'aikaciyar ofishin ta juya tafinsa ta ce, "Baba, ina ka kai zanen yatsunka?"

"'Yata, mutanen Multan sun cinye shi da shayi."

Wutar tanderu ta shafe yatsun sumul kamar bayan cokali. Aka ba shi sati biyu, in babu takarda a ba wani direban yaran.

Matarsa Shamshad ta sa shi gaba da shafa man shanu safe da yamma ko zanen zai dawo, ga safar hannu a wannan uban zafi. Direbobi suka samu abin tsokana: "Amarya, yaushe za a cire lallen?" Yana dariya, amma na ga ya rame. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, sabon direba zai san ba a tafiya sai Rubina ta shige gida?" Tausayinsa ya kama ni.

Muka koma. Yatsa tara, ja tara.

"Saura ɗaya, Baba."

Kawu ya noƙe. Ƙaramin yatsansa na hagu ya karye tun yana yaro, ya warke a karkace yana kallon sama, don haka bai taɓa taɓa bangon tanderu ba. Kullum a ƙarƙashin mayafin kafaɗarsa yake ɓoye shi. Ni kaina ran nan na fara ganinsa sosai.

Ma'aikaciyar ta kama yatsan ta danna a kan gilashin. Na'ura ta yi kore, sunansa da hotonsa suka fito.

"Ga ka nan, Baba. Babu laifi ko ɗaya."

Ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya ce masa, "Shekara hamsin ina jin kunyarka, ashe kai kaɗai za ka tsaya mini shaida."