Ta Bayan Kafaɗata

Kawuna ya fara da bidiyon biki, yana goya kyamara a babur tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi. Daga baya masu shirya fim suka ja shi birni, ya yi shekara da shekaru yana haska fuskokin 'yan wasa. Amma ba shi da hoton mahaifiyarsa ko ɗaya.

Shi ne ɗanta na fari. Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. "Mai injin nan" take ce masa. Da ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta juya wa duniya baya.

A damanar da muka ɗauko ta daga Zurmi, jikinta ya yi sanyi ƙwarai. Ina hutun makaranta, kullum ina gindin darbejiya da littafi. Kawu ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Ɗiyata, ke tana kallonki. Ara mini kafaɗarki."

Kwana uku yana nazarin tsakar gida. Yakan miƙa bayan hannunsa cikin rana, ya juya shi a hankali, ya girgiza kai. Rana ta huɗu aka yi yayyafi bayan la'asar, gari ya yi ruwan zuma, danshi na tashi daga bango. Ya shanya farin zane a igiya don haske ya dawo kan tabarmarta, sannan ya durƙusa a bayana da kyamararsa.

Na zauna gabanta, ina wasa da gefen tabarma.

"Ke, malamar takarda," in ji ta, "mi ya kama bakinki? Ko saurayi ya tsere?"

"Naki na ƙwace, Kaka."

Ta yi dariya har goron bakinta ya bayyana. Ta ba ni labarin gonar gero, da ranar da naƙuda ta kama ta a bakin rumbu, ba ta ce ta wa ba. Ina jin numfashin kawu a bayan kunnena, ya riƙe shi kamar mai ɗauke da ƙwarya cike.

Can sai idonta ya tsallake kafaɗata, ya tsaya.

"Ce wa mai injin nan ya rame," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Na sha ƙirgawa a bidiyon bayan rasuwarta: daƙiƙa huɗu ta yi tana kallonsa. Kawu bai taɓa sa wurin a wani fim ba.