Man da na haɗa da hannuna ne ya kwantar da ni

Assalamu alaikum. Wata goma ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Wasu sun ce aure na yi, wasu sun ce na bar Zariya. Ina nan Samaru. Jinya na yi.

Kun san sana'ata, haɗa man shafawa. Man kaɗanya, zuma, kurkum, da man filaksid, ɗan irin nan mai ruwan ƙasa da ya ɗan fi riɗi girma. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne wani farin kirim marar suna da nake saye a bokiti a kasuwar Sabon Gari ina zubawa a ciki. Mai shagon ya ce shi ke kawo haske da wuri. Ban tambayi abin da ke cikinsa ba.

Ni ma shi na shafa, shekara biyu cur.

Da zafi abin ya fara. In na shiga rana, kumatuna kamar an goga barkono. Sai wasu siraran jijiyoyi ja suka fito. Na rufe da hoda.

Ranan nan kirim ɗin ya yanke a kasuwa, na yi kwana takwas ban shafa ba. Fuskata ta kumbura, ta tsage, ta fara fitar da ruwa. Na lafta man filaksid zalla a kan ciwon, wai ai na gargajiya ne. Abin ya ƙara ɓaci.

Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu tsohuwar nas ce. Ta shigo gaida Umma, ta ɗaga haɓata ta duba.

"Maryam, wannan ya wuce na gida. Ɗauko mayafinki."

A asibiti, kati, layi, benci tun bakwai na safe. An kankari fatata an kai gwaji. An ɗebi jini sau biyu, an auna suga da hawan jini. Ciwon ya riga ya kama ƙwayar cuta, aka kwantar da ni kwana huɗu ana sa mini magani ta jijiya. Gwaji da magani suka cinye jarina, har injin da nake kaɗa mai na sayar.

Na ji tsoro sosai. Na ɗauka fuskar ta tafi ke nan.

Likitar fata ta sa aka kawo mata ɗan abin da ya maƙale a bokitin kirim ɗin. Bayan kwanaki ta ce akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, maganin da ba a shafawa sai da izinin likita, shi ma na ɗan lokaci.

"Fatarki ta saba da shi. Za mu janye shi a hankali, kuma sai ta ƙara muni kafin ta yi kyau."

Sai ta ajiye biro ta dube ni. "Mutum nawa kika sayar wa?"

Na fara ƙirga su a zuciyata.

Da aka sallame ni, na zauna a tsakar gida da wayata, fuska duk saɓa, na fara kiran masu sayen kayana ɗaya bayan ɗaya. Umma ta ce, "Ki bari ki ji sauƙi mana." Na ce su ai suna can suna shafawa.

Wasu sun zage ni. Wata ta ce ta fi son haskenta, ta kashe waya. Wasu sun gode.

Kiran da ba zan manta ba na wata mata ce a Chikaji, Maman Ilham. Ta ce, "Ai har yarinyata nake shafa wa, tun da kin ce ba sinadari." Yarinya 'yar shekara shida.

Washegari na rufe fuska da niƙabi, na hau keke napep na je na ɗauko su, muka tafi asibiti tare. Allah ya taimaka ba ta daɗe da farawa ba. Likita ta ce fatar yarinyar lafiya lau. A bakin ƙofar asibitin na durƙusa na nemi gafarar uwar. Ta dube ni ta ce, "Tashi, Allah ya yafe mana."

Wata na uku ya fi kowane wuya. Ƙaiƙayi, saɓa, ga kunyar fita. Ban tsallake ranar ganin likita ko ɗaya ba.

A wata na shida tsagewar ta rufe. Na tambayi likita ko zan iya komawa man filaksid.

"Mai ne, yana tausasa busasshiyar fata. Amma ba magani ba ne, kuma ba a sa shi a kan ciwo. Gwada kaɗan a cikin hannunki, ki jira kwana uku."

Na gwada, bai yi mini komai ba. Yanzu ɗigo kaɗan nake haɗawa da man kaɗanya, shi ke nan.

Baƙina ya dawo, da ɗan tabo a kumatun hagu. Wata safiya ina shara Umma ta tsaya tana kallona, ta ce, "Yanzu na ga 'yar da na haifa."

'Yan'uwa, ga abin da na koya. Duk man da ya canja miki launi cikin mako biyu, ki yi zarginsa. In kin daɗe kina shafa irinsa, kada ki yanke farat ɗaya, ki je asibiti da robar man a hannunki. In za ki sayi man filaksid, nemi na kwalba mai duhu, ki ajiye a wuri mai sanyi, in ya fara wari ko ɗaci ki zubar. Kuma ki tambayi mai haɗi abin da ta zuba, ko da ni ce.

Na gode wa Allah da ya ba ni lafiya. Na gode wa Umma, da Maman Rifkatu, da likitata da nas-nas ɗin da suka wanke mini fuska ba tare da ƙyama ba.

Ranar Litinin zan koma aiki. Ba na sayar da haske kuma. Duk wadda ke son mai ta zo ta zauna, a gabanta zan haɗa.