Ɗan Tsere a Kan Keken Cefane

Har gobe ba na mantawa da ranar da na faɗa cikin shukar furanni a gaban majinyacina, ina uwar 'ya'ya, da farar rigar aiki a jikina. Ku da kuka zo koyon aiki bana na san kun ji ana tsokanata da zancen. Gara ku ji shi daga bakina kafin Malam Abakar ya ƙara masa gishiri.

Sunana Rakiya, mutuniyar Maraɗi. A Paris na yi karatu, aure ya kawo ni Lyon, na sami aiki a wannan cibiya tamu ta gyaran gaɓɓai da ke bayan gari. Aikina kiné, wato in likita ya gama ɗori da ɗinki, mu ake kawo wa mutum mu koya wa jikinsa motsi daga farko. Tsarin ba ya canzawa. Babbar likita ta duba hoton ƙashi, ta faɗi irin nauyin da ƙafa za ta iya ɗauka, mu kuma mu bi. Daga gado sai kujera mai taya, daga nan sai cikin ruwa, sai sanduna, sannan tafiya da ƙafa. Ba a tsallake mataki ko majinyaci zai yi kuka.

A ƙarshen wata bazara aka kawo mana Bastien, saurayi ɗan tseren keke, irin waɗanda keken ne sana'arsu, ƙungiya ke riƙe da su. Yana gangarowa daga dutse a wata gasa, ruwan sama ya jiƙa kwalta, ya zame a kwana ya bugi shingen ƙarfe. Ƙashin ƙugu ya karye, da na kafaɗa, da haƙarƙari, kai ma ya bugu. Da na ga hotunan sai da na yi salati. Yaro siriri kamar sillen kara, ban san inda ya ajiye ƙarfin da ya tsira da shi ba.

Yawancin majinyata sai an yi ta lallashinsu kafin su motsa. Shi kuwa hana shi ne aiki. In na ce ya isa, ina juya baya zai ƙara. In na tambaye shi ciwo, gumi na tsiyaya a goshinsa, sai ya ce, "Ça va, Madame Rakiya." Na ce masa, "Kai, a garinmu ma mara lafiya ko yana gargara 'da sauƙi' zai ce. Ba ka zo mini da sabon abu ba." Na so yaron nan ƙwarai, ko da yake ya sha ba ni ciwon kai.

Kafin sanyi ya kankama ya jefar da sanduna. Keken motsa jiki na cikin ɗaki, wanda ba ya zuwa ko'ina, in ya hau shi har sai keken ya yi kuka. Sai babbar likita ta ba da izinin ya fara hawan keke na gaske a hanyar lambun cibiya. Ƙungiyarsa ta aiko da kekensa na tsere, mara nauyi, da hannu ɗaya ake ɗaga shi, tare da takalmansa. Ga waɗanda ba su sani ba, takalmin ɗan tsere yana da wani maƙali a ƙasa da ke kama feda, ƙas! Ƙafa da keke su zama abu guda, sai ka murɗa dunduniya kafin ka fita.

Nan fa uzuri ya fara. Yau iska ta yi yawa, gobe sirdi bai yi daidai ba, jibi taya ce ba ta gamshe shi ba. Mutumin da nake kokawar hanawa aiki shi ne yau yake neman dalili. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Ga shi likitan ƙungiyarsu yana ta kira daga Paris, domin za su shiga atisayen shirin sabuwar shekara, kuma sun faɗa a fili cewa in Bastien bai koma kan titi ba, wani za su ba gurbinsa. A taron da muke yi kowane mako babbar likita ta ajiye hoton a tebur ta ce, "Ƙashi ya haɗe, tsoka ta dawo. Saura me?" An tura Bastien wurin mai kula da damuwar zuciya, ya zauna cikin ladabi, ya fito bai ce komai ba.

Wata rana da hantsi muna tsaye a lambu, keken jingine da bango, shi yana ta latsa taya, sai haƙurina ya ƙare. Kun san ni da baki.

"Bastien, keke ne fa, ba zaki ba," na ce. "Yara ƙanana ma suna hawa."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke yaushe rabonki da hawa?"

Lokacin da na tashi a unguwarmu keke na maza ne. Yayyena sun hau, ni da ƙafa ake aikena. Na zo ƙasar nan na tarar da metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas, ban ga abin da zai haɗa ni da taya biyu ba.

"Ban taɓa hawa ba," na ce.

Yaron nan ya yi dariya har da riƙe haƙarƙari. Tun zuwansa ban taɓa jin dariyarsa ba. Ana haka sai ga Malam Abakar, mutumin Chadi, wanda ke tura majinyata daga ɗaki zuwa ɗaki. Daga unguwar Minguettes yake zuwa aiki kullum a kan wani tsohon baƙin keke mai nauyin jaki, da kwando a gaba na cefane. Bastien ya kwashe labari ya faɗa masa. Malam Abakar ya dube ni ya koma Hausa.

"Hajiya, ashe wanzami ba ya son jarfa? Kullum kina sa bayin Allah suna gumi. To ga kekena nan, bismillah."

"Malam, ka rufa mini asiri," na ce. "Da girmana?"

"Girma bai hana feda, Hajiya. Doucement, a hankali kawai."

Da lokacin hutun rana ya yi suka tasa ni gaba. Na ɗora hular kwano a kan ɗankwali, na hau. Malam Abakar na riƙe da sirdi, Bastien na zaune a benci yana ba da umarni kamar wanda ya haife ni. "Kada ki dubi ƙasa! Dubi inda za ki! Saki kafaɗa!" Duk maganganun da nake faɗa masa ya tattaro ya maido mini. Na sani sarai faɗuwar ba za ta kashe ni ba, amma jikina ya ƙi yarda da abin da kaina ya sani. Malam Abakar na saki, na yi 'yar tafiya kamar mai maye, sai ga ni cikin furanni, ƙafa ɗaya a sama.

Abin ya ishi Bastien. Ganin ana wulaƙanta keke a gabansa ya fi ƙarfin haƙurinsa. Ya taso, ya tayar da ni, ya cire hular daga kaina ya sa a nasa.

"Ba haka ake yi ba. Ba ni nan, ki kalla."

Ya haye da takalmin yawo a ƙafarsa. Kwando na karkarwa, sarƙa na ƙara, ya miƙe hanyar lambu sumul. Ni da Malam Abakar muka dubi juna. Da ya kai ƙarshen hanya ya taka birki, ya sa ƙafa a ƙasa, sai ya tsaya cak. Ya daɗe a haka. Na bi shi ina kakkaɓe ganye daga rigata. Na same shi yana kallon ƙafarsa.

"Ta sauka," ya ce. "Na so ta sauka, ta sauka."

A nan tsaye ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Ranar haɗarin, yana ganin shingen na nufo shi, ya murɗa ƙafa ya murɗa, takalmin ya ƙi fita. Abin da ya tuna ke nan na ƙarshe kafin ya farka a asibiti. Ba gudu yake tsoro ba, ba gangara ba. Ƙarar nan ta ƙas ce ke tsayar masa da numfashi. Ya ji kunyar faɗa, wai ɗan tsere yana tsoron takalminsa. Tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye. Mu kuwa duk tsawon lokacin nan takalmin muke miƙa masa, saboda a tunaninmu ɗan tsere sai keken tsere.

Ashe babbar likita na kallonmu ta taga. Da yamma ta kira ni ofis.

"Wa ya rubuta keken cefane cikin tsarin jinya?"

"Babu kowa, Docteur."

"To gobe a rubuta. Kuma ke a nemo miki hula daidai kanki."

Sai muka mayar da abin mataki mataki, yadda muka saba. Aka sa wa kekensa feda irin ta kowa. Bayan ya saba, ya sa takalmin tsere a ƙafa ɗaya, yana maƙalawa yana cirewa, ni ina riƙe da shi a kan ciyawa. Akwai ranar da ya yi amai, akwai ranar da ya zage mu duka ya dawo ya ba da haƙuri. Ya makara wa atisayen, amma da likitansu ya zo daga Paris ya gan shi yana zagaya unguwa da ƙafa biyu a maƙale, ya ce a riƙe masa gurbinsa.

Da sanyi ya wuce ya shiga wata ƙaramar gasa. Can baya ya ƙare, cikin na ƙarshe. Ya kira ni yana haki, murna kamar shi ya zo na ɗaya. "Madame Rakiya, akwai gangara, kuma an yi ruwa, na sauko!" Ko zai koma yadda yake a da, wannan sanin Allah ne, likitoci ma ba su yi alkawari ba. Amma yana kan kekensa.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, mu masu aikin nan mun ƙware wajen tambayar ina ke ciwo, mun iya karanta hoto. To akwai abin da hoto ba ya nunawa, kuma majinyaci ba zai faɗa wa wanda ke tsaye a kansa yana cewa abu mai sauƙi ne ba. Ni sai da ya ga ƙafata na rawa a kan feda sannan ya yarda ya nuna mini tasa. In kun ga mutum ya warke amma ya ƙi tashi, kada ku kira shi raggo. Ku ja kujera ku zauna, ku tambaye shi abin da ya tuna na ƙarshe a ranar, ku yi shiru har ya faɗa.